Tagulla da Tsakiya a Karkarar Arewacin Kano

Duk wanda ya fita daga birnin Kano ya nufi arewa, ko ta hanyar Ungogo da Minjibir, ko ta Dambatta wadda ke wucewa Kazaure da Daura har Damagaram, ko kuwa ta Dawanau da Bichi da Tsanyawa wadda ke kai matafiyi Katsina, zai ratsa ƙasar da noma ya cinye ƙaf, gona na jingine da gona, gida na hangen gida, babu saura balle daji, sai itatuwan da manoma suka bari da gangan a tsakiyar gonakinsu, tsamiya da ɗorawa da kuka da gawo, kowace da mai ita da kuma amfanin da ake jira daga gare ta. Ƙasa ce ta gero da dawa da wake da gyaɗa, wadda ba a san ta da ma'adinin jan ƙarfe ba, ba ta kuma shahara da masu narka yashi su mai da shi gilashi ba. Amma duk da haka, a zamanin kakanninmu, da wuya a shiga ɗakin matar da ke da rufin asiri a waɗannan ƙauyuka a rasa munduwar tagulla, ko tasa a kan jere, ko tsakiya da murjani a ƙulle cikin adudu. Abin da nake nufin bayani a kansa shi ne yadda waɗannan baƙi biyu, tagulla da gilashi, suka iso wannan ƙasa, da inda suka haɗu a hannun masu sana'a, da kuma ilmin kiyaye tagulla daga dafewa, wanda shi ne rabon mutanen karkara a cikin wannan tarihi.

Ita dai tagulla ba a haƙo ta daga ƙasa a yadda take. Gami ce ta jan ƙarfe da tutiya, galibi kashi biyu na jan ƙarfe da kashi ɗaya na tutiya ko abin da ya yi kusa da haka, kuma gwargwadon yawan tutiyar, gwargwadon yadda launinta ke barin ja ya karkata zuwa ruwan zinariya. Jan ƙarfe zalla kam an same shi a maƙwabta, domin Ibn Baɗuɗa, wanda ya sauka Takedda ta ƙasar Azbin a shekarar 1353, ya ba da labarin yadda mutanenta ke haƙo shi su narka a gidajensu, su zuba shi sanda-sanda, sirara da masu kauri, suna ciniki da su a madadin kuɗi, ana kuma ɗaukarsu zuwa Gobir da Barno. Amma tagulla, wadda haɗa ta ke bukatar tutiya da sanin sirrinta, raƙuma ne suka riƙa ƙetaro hamada da ita daga Magrib da Masar. Shaidar haka kuwa ta bayyana a 1964, sa'ad da wani masani Bafaranshe mai suna Théodore Monod ya iske kayan wani ayari a binne a hamadar Muritaniya, a wurin da ake kira Ma'adin Ijafen, sandunan tagulla 2,085 tare da kuɗin wuri, suna kwance cikin rairayi tun wajen ƙarni na 12.

Ba ma sai mun je nesa haka ba, domin a Durɓi Takusheyi, ta ƙasar Mani a gabashin Katsina, wadda tsakaninta da arewacin Kano tafiyar 'yan kwanaki ce a ƙafa, akwai kaburburan manyan mutanen da, waɗanda wani Bature mai suna Palmer ya fara tonawa a 1907 a zamanin Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, aka kuma sake tona wasu a 1992, aka kai abin da aka samu birnin Mainz na ƙasar Jamus domin a gyara shi. A cikinsu an sami sandunan tagulla da tasoshi, da 'yan kunne na zinariya, da wuri, da kayan ado na dutse da gilashi, na tsakanin ƙarni na 13 da na 16, wanda ke nuna cewa tun kafin Sarkin Kano Muhammadu Rumfa ya kafa kasuwar Kurmi, tagulla da gilashi sun riga sun zama alamar daraja a ƙasar Hausa.

Shi kuwa gilashi, kada mai karatu ya ɗauka cewa Turawa ne suka fara kawo saninsa ƙasashen nan, domin a Ile-Ife ta ƙasar Yarbawa an tono tukwanen narki da dubban tsakiyoyi waɗanda aka tabbatar cewa a nan aka haɗa gilashinsu daga ƙasar wurin, tsakanin ƙarni na 11 da na 15. A Igbo-Ukwu kuma, inda wani masani mai suna Thurstan Shaw ya fara tono a 1959, an ƙirga duwatsun ado wajen 165,000 tare da kayan zubi na jan ƙarfe na ƙarni na 9 ko na 10. Wani abin mamaki a nan shi ne an sami guntayen tufafi da suka tsira daga ruɓewa shekara dubu saboda sun manne da jan ƙarfe, domin koriyar tsatsar da ke fitowa a jikinsa guba ce ga ƙwayoyin da ke cin zare; sai mai karatu ya riƙe wannan, domin za mu komo kan gubar nan.

A ƙarni na 19 labari ya ƙara fitowa fili. Matafiyi Bature Clapperton, wanda ya shigo Kano a farkon 1824 ya kuma je gaida Sarki Ibrahim Dabo a Fanisau, ya ga rumfuna a Kurmi cike da duwatsun ado da murjani da mundayen tagulla. Wani matafiyin kuma, Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya zo a 1851 ya lissafa abin da ayarin Tarabulus ke kawowa ta Gadamas da Gat, a ciki har da tsakiyar birnin Benis da Tiriyesta, da takubban Solingen, da allurai da madubai na Nuremberg, da jan ƙarfe. Daga Kurmi waɗannan kaya ke watsuwa, tagulla ta tafi hannun maƙeran fari, waɗanda su ne masu aikin azurfa da tagulla, saɓanin maƙeran baƙi masu fartanya da garma da lauje. Tsakiya kuwa ta shiga tandun 'yan koli, waɗanda ke bin kasuwannin mako na Dambatta da Bichi da Kunci da Minjibir, ko su aika tsofaffin mata dillalai su shiga da ita gidajen da namiji baƙo ba ya shiga.

Wurin da sana'o'in nan biyu suka zauna maƙwabtan juna a fili shi ne Bida, babban birnin Nufe, wanda ya bunƙasa daga tsakiyar ƙarni na 19 a zamanin Etsu Usman Zaki da Etsu Masaba. A can akwai unguwar Masaga ta masu aikin gilashi, waɗanda ke cewa daga Masar kakanninsu suka taso, akwai kuma Tswata Mukun ta maƙeran tagulla, kowace ƙungiya da shugabanta da dokokinta, kamar yadda masani Frobenius ya gani a 1911, wani masanin kuma, Nadel, ya yi bayani filla-filla a littafinsa na 1942. A wancan zamani mutanen Masaga suna da nasu gilashi mai duhu da suke kira bikini, wanda suke haɗawa daga yashi da kanwa su toya kwana da kwanaki. Kanwar nan kuwa daga yankin Tabkin Cadi take fitowa, fatake su ratso da ita ƙasar Kano a kan jakuna da takarkarai su gangara Nufe, su komo da ƙarau da tsakiya da tasoshin Bida. Saboda haka manomin da ya yi fatauci da rani, ya dawo wa iyalinsa da ƙarau kafin faɗuwar damina, la'alla kanwar da ya kai ce ta dawo masa a wata sura.

Aikin tsakiya a Masaga da baƙin ƙarfe ake yinsa: tanda ce ta yumɓu, yaro na zuga, gwani na ɗibar narkakken gilashi yana naɗa shi a jikin tsinken ƙarfe yana juyawa, yana daidaita shi da wani ƙarfe mai faɗi kafin ya huce. Amma baƙin ƙarfe yana da aibi, domin idan ya sha wuta yakan yi ɓawo baƙi wanda ke ɓarewa ya maƙale a jikin gilashi. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa masu yin tsakiya da harshen wutar fitila, a Turai da Amurka da sauran ƙasashe a wannan zamani, suka karkata ga kayan aiki na tagulla, wato faranti na mulmulawa, da wuƙar tsagawa, da matsi mai baki biyu wanda ke fitar da tsakiya sura ɗaya. Hikimar abin ita ce narkakken gilashi yana kama duk abin da ya yi zafi kusa da nasa, ba ya kuwa kama abin da ya fi shi sanyi ƙwarai. Tagulla kuma tana janye zafi da sauri ta watsa shi cikin jikinta, sai fuskar gilashin ta daskare nan take ta ɗauki sura ba tare da ta manne ba. Don haka mai aiki ke ajiye ƙwaryar ruwa kusa da shi yana tsoma kayan aikinsa a kai a kai, kamar yadda mai kwasar tuwo ke tsoma mara a ruwa kafin kowace malmala. Sharaɗi ɗaya ne ba a ƙetare shi, shi ne kada tagulla ta shiga cikin harshen wuta, domin tana narkewa a wajen digiri 900 zuwa 940 na ma'aunin Salshiyas, zafin da wutar aikin gilashi ta wuce shi. Tutiyar da ke cikinta kuma, idan ta ƙone, tana tashi farin hayaƙi mai sa zazzaɓi ga wanda ya shaƙa.

Dafewar tagulla kuwa, idan aka yi tahakiki, iri huɗu ce, kowace da sababinta da hukuncinta. Ta farko ita ce ta zafi, wadda ke faruwa idan iska ta haɗu da jan ƙarfen da ke fuskarta alhali tana da zafi, sai ta yi wata fata siririya, ta fara da ruwan ƙasa ta ƙare da baƙi. Muddin fatar nan siririya ce kuma sumul, ba ta cutar da aiki, gwanaye da yawa ma barinta suke yi, sai fa idan ta yi kauri ta fara ɓarewa, domin jan ƙarfe rini ne ga gilashi, da shi ake ba shi launin kore da shuɗi da ja, ɗan kaɗan daga cikinsa kuma ya isa ya ɓata farar tsakiya. Ta biyu ita ce ta hayaƙi, wadda farar wuta da ke cikin hayaƙin makamashi ke jawowa, ko tururin dalma da azurfa da ke tashi daga wasu gilasai masu launi ya sauka a kan ƙarfen. Wannan a sama take, gogewa kaɗan ke fitar da ita.

Ta uku ita ce mai haɗari, wato koriyar tsatsa wadda danshi da gishirin zufa da abu mai tsami ke haifarwa, wadda malaman da suka san tawadar ado ta littattafai ke kira zinjari. Wannan ba ta tsayawa a sama, cin ƙarfen take yi tana barin ƙananan ramuka, kowane rami kuwa sai ya buga hatiminsa a jikin duk tsakiyar da aka matsa da shi. Guba ce kuma ga ciki, shi ya sa tsofaffin mata ba sa yarda nono ko kunun tsamiya ya kwana a tasar tagulla. Ta huɗu kuwa mai gyara ne da kansa ke jawo ta, sa'ad da ya bar ƙarfen ya daɗe cikin ruwan tsami, tsamin ya zuƙe tutiyar da ke fuskarsa ya bar jan ƙarfe tsirara, sai ka ga tabo jaja-jaja wanda wanki ba ya fitarwa, wurin kuma ya raunana.

Maganin waɗannan duka yana cikin gonar manomin Kano da murhun matarsa, kuma matan ƙauye da maƙeran fari sun gaje shi kaka da kakanni, ko da ba su taɓa ganin tandar gilashi ba. A jiƙa tsamiya, wadda ake kaɗowa da rani a ajiye curi-curi domin kunu, a shafa ruwanta a jikin ƙarfen na ɗan lokaci kaɗan, ko a yi da lemon tsami idan an samu. Sa'an nan a ɗebi toka mai laushi wadda aka tankaɗe, a goga da tsumma, domin toka tana yin aiki biyu, tana kankare abin da tsamiya ta sassauta, tana kuma kashe ragowar tsamin kada ya ci gaba da cin ƙarfe. Daga nan a ɗauraye da ruwa mai yawa, a tsane, a shanya a rana har danshi ya fita daga lungunan zane. Idan ajiya za a yi mai tsawo, musamman gabanin damina, sai a shafa ɗan man gyaɗa ko kakin zuma, amma wajibi ne a goge shi sarai kafin ƙarfen ya taɓa gilashi, domin mai yana ƙonewa ya bar baƙi. Yashi kuwa, wanda ake cuɗa gindin tukunya da shi, ba shi da hurumi a fuskar kayan aiki, saboda ƙarcen da zai bari ya fi dafewar da ya cire muni. Gwani ya fi son ƙarfe mai duhu sumul a kan mai ƙyalli da ƙarce.

Akwai kuma wani maƙiyin tagulla da ya shafi wannan karkara fiye da ko'ina. Binciken da wasu masana, Mortimore da Wilson, suka wallafa a 1965 a kan gundumar Ungogo ya nuna abin da kowane manomi ya sani, cewa gonakin nan ana noma su shekara da shekaru ba hutu ne albarkacin taki, na turken awaki da tumaki da jakuna da ke cikin gida, da wanda ake ɗaukowa daga birni a mangala. To, warin nan mai yaji da ke tashi daga fitsarin dabbobi yana tsaga tagullar da aka ƙera da bugu, idan ya haɗu da danshi. Sojan Ingila a ƙasar Indiya sun sha ganin kwanson harsashinsu na tsagewa da damina ba su san dalili ba, sai a 1921 masana suka bayyana cewa ajiye shi kusa da bargar dawakai ne sababi. Maƙeri yana rage wannan illa da gasa ƙarfe tsakanin bugu da bugu domin ya saki jikinsa, mai kaya kuma nasa shi ne ya nisanta tagulla daga turke da juji.

Ba za a rufe wannan babi ba tare da an ambaci matsayin shari'a ba, domin shi ne ya ba tagulla gurbinta a gidan Musulmi. Malaman Malikiyya, waɗanda littattafansu irin su Risala da Muhtasar ake karantawa a zaurukan ƙasar nan, sun haramta ci da sha a ƙoren zinariya da azurfa ga namiji da mace baki ɗaya, alhali tagulla halal ce, har ma ya inganta a Sahihul Buhari, ta hanyar Abdullahi ɗan Zaidu, cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi alwala daga wani kwano na tagulla. Saboda haka mai wadata da ke son ƙawa ba tare da saɓo ba sai ya same ta a shantali da tasa da farantin goro na tagulla. Alƙur'ani mai girma kuma ya haɗa jan ƙarfe da gilashi a ƙissar annabi ɗaya, domin a Suratu Saba'i an ambaci marmaron narkakken jan ƙarfe da aka gudanar wa Annabi Sulaimanu, a Suratun Namli kuma an ambaci fadarsa mai daɓen gilashi wadda sarauniyar Saba'i ta zaci ruwa ce.

Zamani ya juya da zuwan jirgin ƙasa, wanda ya taso daga Baro ya ratsa ƙasar Nufe ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe a shekarar da ta biyo, kaya suka koma zuwa ta teku, ayarin hamada ya mutu. Kwalabe suka yawaita, mutanen Masaga suka ga narka su ya fi toya bikini sauƙi, maƙera kuma suka sami tagulla a kwanson harsashi da tarkacen injuna. Yunwar 1913 zuwa 1914, wadda ta fi tsanani a gundumomin arewacin Kano, ta nuna amfanin kayan ɗakin mace na biyu, wato dukiya ce da ake jinginarwa ko a sayar ranar da rumbu ya ƙare. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu kwanukan fenti suka mamaye jere, alminiyam ya shiga maƙera, roba ta maye gurbin ƙarau. Daga ƙarshen shekarun 1960 kuma fataken Hausawa suka riƙa bin ƙauyukan Afirka ta Yamma suna sayen tsofaffin tsakiyoyi domin masu tara kayan tarihi na Turai da Amurka. Bida dai ta riƙe sana'arta, har hukumar UNESCO ta sa ta cikin biranen sana'ar hannu a 2021. Amma a karkarar Kano, tasa ko munduwar da ta yi duhu a ƙarƙashin gado, makomarta a yau galibi sikelin 'yan gwangwan ne, a auna ta da kilo a narka.

Hukuncin da nake yankewa shi ne wannan hasara ce wadda jahilci ya fi talauci hannu a cikinta, domin mafi yawan abin da ake zubarwa da sunan ya lalace dafewa ce kawai ta sama, wadda curin tsamiya da tafin toka suka isa su kawar. Wanda ya gaji tagulla daga kakarsa, ya wanke ta yadda aka bayyana, ya tambayi tsofaffin gidan inda aka sayo ta da wanda ya ƙera ta, ya rubuta ya ajiye tare da ita. Matasanmu masu shiga sana'ar ado kuma, maza da mata, su sani cewa kula da kayan aiki rabin sana'a ne, su nemi maƙeran farin da suka rage a Kano da Bida su koya daga gare su tun suna da rai.